Sabar da Aka Lulluɓe da Mayafi

Kusan kowane sati sai wani matashi ya tsaya a bakin shagona na Ƙofar 'Yandaka, ya miƙo mini waya, ya ce ya kalli yadda ake canza faifan ajiyar kwamfuta a bidiyo, minti huɗu an gama. Nakan ce masa gaskiya ne. Kwance noti huɗu da zare waya biyu ba ya wuce minti huɗu, ni ma ido rufe zan yi shi. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne mai abin da ke cikin faifan, da irin kallon da zai yi maka idan ka mayar da notin babu kayansa a ciki. Sunana Rabe. Sama da shekara ashirin ke nan ina buɗe cikin kwamfutocin mutane, kuma aiki ɗaya zan ba ku labarinsa, ku da kuke ganin sana'ar nan shan shayi ce.

Da rediyo na fara, a wurin Malam Iro mai gyara. Wata shida na yi ban taɓa ƙarfen narka dalma ba. Aikina shara, da ware noti a gwangwanayen madara, dogaye daban, gajeru daban. In na haɗa su ya zube mini su a ƙasa, ya ci gaba da sauraren labaran rana kamar ba shi ya yi ba. A wurinsa na koyi liƙa zaren kaset da ya tsinke da ɗigon man farce, da nannaɗe shi da biro. A wurinsa kuma na koyi dokar da har yau nake bi: kada ka cire komai sai ka sa masa alama. Shi ya sa in kun leƙa jakata ba za ku ga wani abin mamaki ba. Sukudireba uku, mitar gwada wuta, burushin fenti mai laushi, abin hura iska, da farin salatif da biro. Salatif ɗin nan ya fi mitar ceton mutuncina.

Da aka fara buɗe kafe na intanet a gari na koma kwamfuta, muka sha aiki har muna zaɓe. Sai shekarar da waya ta shigo hannun kowa. Kafe suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu su suna kawo mana kwamfutocin wai mu saya, mu da muke jiran su kawo gyara. Abokan sana'ata biyu suka koma kabu-kabu. Ni na koma gyaran fanka da dutsen guga, wata rana in wuni ina korar ƙuda. Har na fara tunanin mayar da makullin shago.

A cikin wannan shekarar wani ma'aikacin gwamnati mai suna Kabiru ya sauke buhu biyu a ƙofar shagona. Kaset ne cike. Mahaifinsa malami ne a Ƙofar Durbi, ya shekara da shekaru yana ba da karatu a zaure, ɗalibai suna ɗauka a rikoda, ya rasu bai daɗe ba. Kabiru yana son a juye su duka cikin kwamfuta kafin su lalace, kuma ya zagaya gari an ce masa ni kaɗai na rage wanda ya san kaset ya kuma san kwamfuta. Wata huɗu na yi a kansu. Wani zaren ya manne, wani ɓera ya taɓa, wani sai na canza masa gida gaba ɗaya. Kowane kaset sai na saurare shi daga farko har ƙarshe, don in san inda zan ajiye shi. Ban taɓa ganin Malam, mahaifin Kabiru, ba, amma na san inda yake tari, na san yadda yake cewa "to, madalla" idan zai juya shafi.

Da na gama, Kabiru ya ce ba ya son a zuba su a filashi kowa ya ɓatar. Sai na haɗa masa saba. Saba ba wani aljani ba ce, kwamfuta ce da ake ajiyewa a gida ba a kashe ta, ba allo ba madanni, ita ke riƙe da ajiya, mutanen gida da na nesa su shiga ta wayarsu su saurara. Na sa mata faifan ajiya biyu, abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan, don in ɗaya ya mutu a canza shi ba a rasa komai ba. Na girka ta a kan ɗan benci a falon gidan, kusa da taga, na jona ta da inbata mai ajiye wuta. Na ce wa Kabiru abu biyu take so, iska da a leƙa fitilarta lokaci lokaci. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a kira ni. Daga baya aka mayar da shi aiki Abuja. Kaset ɗin kuwa, damina biyu bayan nan rufin ɗakin ajiyarsu ya zuba, suka tafi. Muryar Malam ba ta rage ko'ina a duniya ba sai cikin baƙin akwatin nan.

Shekara biyar ban sake jin labarinta ba. Sai wata safiyar Talata, a tsakiyar zafin bazara, Kabiru ya kira ni. Ya ce kwana uku ke nan karatu ba ya buɗewa, ɗaliban Malam suna ta damunsa, an kuma ce akwatin yana wani ƙas-ƙas. Da na ji "ƙas-ƙas" na ajiye kofin kokona. Na ce a kashe ta yanzu, kada kowa ya sake kunnawa. Na ɗauki sababbin faifai biyu, da fanka, da akwatin wuta, da laftof ɗina, na hau mashin.

Ƙanin marigayin, Baba Lawal, shi ya tarbe ni a zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa da zafi, na tambayi jiki da jama'a. Ya shige gaba yana sallama, na bi shi falo. Benci na nan, saba ba ta nan.

"Tana ɗakin Hajiya," in ji shi. "Ita ta sa aka maida ta."

Hajiya Indo ita ce matar Malam, mahaifiyar Kabiru. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa a natse, ta yi mini izinin shiga. Na duba ƙasa, na duba bayan gado, ban ga komai ba. Sai na bi wayar wuta da ido. Ta hau bango, ta wuce agogo, ta shige cikin wani ƙunshi a saman wadirob, dab da kwanon rufi. An lulluɓe sabar da mayafi mai kauri, sabo, mai zaren zinariya, an naɗe ta ruf kamar jariri a lokacin sanyi. A gindin wadirob ɗin ga kaskon turaren wuta.

Na ce, "Hajiya, wa ya hau da ita can?"

"Ni na sa. Yo Malam Rabe, abin ga ba ayoyin Allah ne cikinshi ba? Da karatun Malam? Ka aje shi ƙasa, inda mutane ke tuɓe takalma, yara na tsallake shi. Ni hwa ban iya gani."

"Mayafin hwa?"

"Littattafan Malam ma ai ba a barin su tsirara."

Ba wauta ta yi ba, abin da take yi wa littattafan mijinta shekara arba'in ta yi wa akwatin. Ni ne na yi wa Kabiru bayanin iska, ban yi wa uwar gidan ba. Na jawo kujera zan hau, ta ce, "Kana da alwala dai ko?" Na sauko, Baba Lawal ya ba ni buta, na fita tsakar gida na yi. Tun da nake sana'ar nan ranar na fara buɗe kwamfuta da alwala.

Da na kwance murfin, ƙamshi ya fara fitowa kafin komai. Hayaƙin turare yana da maiƙo, ya bi ƙura ya liƙe ta, fankar ta daskare da wani baƙin danƙo, ko da yatsa ba ta juyawa. Akwatin wutar ya kumbura ta gefe. Na yanki salatif, na rubuta "sama" na manna wa faifai ɗaya, "ƙasa" na manna wa ɗayan, sannan na zare su. Na jona na sama a laftof ɗina. Shiru, ko motsi. Wannan ya daɗe da mutuwa, wataƙila shekara guda, fitila tana ta nuna ruwan ɗorawa a cikin mayafi ba mai gani. Na jona na ƙasa. Ya juya, ya yi ƙas, ya yi ƙas, sannan ya buɗe.

A nan ne mai kallon bidiyo yake kashe mutane. Bidiyon zai ce maka cire mataccen, sa sabo, kunna, sabar za ta kwafe komai da kanta. Haka ne, idan ɗayan lafiyayye ne. Amma faifan da ya fara ƙas-ƙas kamar tsohon jaki ne da kaya, in ka ce ya yi gudu a nan zai kwanta. Ba ka san saura awa nawa gare shi ba. Abin yi shi ne ka sanyaya shi, ka lallaɓa shi, ka fara kwashe abin da ya fi daraja, don in ya mutu a hanya ya mutu da abin da za a iya haƙura da shi. Na ɗora shi a kan faranti, na sa aka kawo fankar tsaye na saita masa, na tabbatar inbata na da caji, na jona sabon faifai.

Sai na kira Kabiru, na sa wayar a amsa-kuwwa na ajiye a kan tabarma. Baba Lawal na zaune a bakin ƙofa, Hajiya na bakin gado. Na yi musu bayani yadda na yi muku yanzu. Na karanto musu jakunkunan da na raba karatun a ciki tun wancan lokaci: tafsiri, hadisi, fiƙihu, hotunan littattafan Malam na rubutun hannu, sai ta ƙarshe da na sa wa suna "Tarkace". A cikinta na zuba duk abin da ba karatu ba ne, kaset ɗin da ya ɗauki hayaniya, da wa'azin wasu da aka ɗauka daga rediyo, da irin su. Na ce su faɗa mini da wanne zan fara.

Kabiru ya ce tafsiri. Baba Lawal ya ce tafsiri, sannan littattafan, tunda asalinsu asu ya fara ci. Na juya na ce, "Hajiya, ke hwa? Akwai wanda kike son a hwara ciro maki?"

Ta dubi Baba Lawal, ta dubi wayar da ke kan tabarma, ta gyara lulluɓinta.

"Mi gare ni ciki? Ku hwara da karatu. Abin da suka ce shi ne."

Na ɗauka ta amsa ni ke nan. Na fara.

Daga hantsi har bayan azahar ina zaune a ƙasa ina kallon layi yana tafiya a allo. Wani wuri ya gudu, wani wuri ya tsaya cak faifan yana ƙas-ƙas, ni kuma ina taɓa bayansa da bayan hannu ina jin zafi. Idan ya ɗau zafi in tsayar, in jira, in ci gaba. A tsakani na wanke cikin sabar da burushi da ɗan sipirit, na ɗaura sabuwar fanka, na canza akwatin wuta, na gwada wutar da mita. Tafsiri ya fita duka. Littattafai suka fita. Hadisi ya fita. Fiƙihu ya fita, ban da darasi biyu da suka ƙi. Na buɗe Tarkace, na danna, faifan ya yi wata ƙara siririya kamar an ja ƙusa a kan kwano, ya tsaya. Na zare na mayar, na bar shi ya huce na sake. Bai ƙara juyawa ba.

Gaskiya murna na yi. A irin wannan aikin, wanda ya fitar da abin da na fitar ya ci a yaba masa. Kabiru ya yi ta sa mini albarka a waya, Baba Lawal ya ce Allah Ya yi wa sana'a albarka. Na ɗaura sababbin faifan biyu, na mayar da karatun, fitila ta kawo kore. Batun wuri kuma muka yi sulhu da Hajiya. Za a kira kafinta ya kafa katako a bangon falo, sama da kan mutum, nesa da takalma, amma ba mayafi, kuma turare ya tsaya a ɗaki. Ta ce ta yarda, in dai ba ƙasa ba.

Aka kira la'asar, Baba Lawal ya fita masallaci ya ce in same shi. Ina tattara noti Hajiya ta turo mini kwanon fura. Sai da na rufe jaka, sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Malam Rabe, wanda aka mance ba a kashe rikoda ba, shi ma ya hito ko?"

Nan take na gane wanda take nufi. Kaset ne da karatu ya ƙare a tsakiyarsa, ɗalibai suka watse, mai rikodar ya tafi ya bar ta tana juyawa. Ana jin Malam shi kaɗai yana tattara takardu, sai ya ɗaga murya ya yi magana cikin gida, wata mace ta amsa daga nesa, ta matso, suka yi hira ta kusan minti goma a kan fura da wata akuya da ta shiga zaure. Lokacin da nake juyewa har na yi niyyar yanke wurin, don ba karatu ba ne. Na bar shi, na jefa a Tarkace.

Na ce, "Hajiya, yana cikin jakar ƙarshe. Ba ta hito ba."

Ta ce, "To."

Na karɓi wayarta na duba ko ya sauka a ciki. Jikarta ce ta sa mata shi a fuskar wayar, ta danna kawai ya buɗe, amma daga sabar yake zuwa, ba a taɓa sauke shi ba. Na ga alamar sau nawa aka buɗe shi, kusan kullum ne, na mayar mata da wayar.

"Hajiya, da kin hwaɗa mani. Minti ɗaya zai ɗauka. Da shi zan hwara."

"Gaban ƙanin Malam? Da yaron ga yana ji ta waya? In ce a bar tafsiri a ciro mani hirata da mijina?" Ta girgiza kai. "Kai ma ka san ba ya yiwuwa."

Na sani kuwa. A garin nan aka haife ni, uwata ba ta taɓa kiran sunan ubana a gabana ba. Na san dattijuwa ba za ta buɗe baki ta faɗi irin wannan a gaban ƙanin miji da ɗan fari ba ko da wuƙa a wuya. Amma na tara su wuri ɗaya, na sa waya a amsa-kuwwa, na yi tambayata kamar ina taron ofis. Duk abin da ya shafi ƙarfe na yi shi daidai a ranar. Tambayar ce na yi a inda ba a amsa ta. Tun daga lokacin, duk gidan da na shiga da faifai mai ƙas-ƙas, sai na sa an tambayi matan gida su kaɗai, ta bakin mace, kafin in danna komai.

Sati biyu na yi da tsofaffin faifan nan biyu a shago. Na samo irinsu na canza musu bod, wato farantin lantarkin da ke bayansu, na kai wa wani abokina a Kano da ke da kayan da suka fi nawa. Ya buɗe ya ce allurar da ke karanta shi ta kankare fuskar faifan, babu abin da ya rage a wurin. Na so in faɗa wa Kabiru ya isar wa Hajiya, sai na ga wannan ba saƙon da za a bi da shi ta wurin ɗa ba ne. Na je da kaina, da hantsi, lokacin da na san Baba Lawal na kasuwa. Na yi sallama, aka yi mini izini, na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa mata. Ban taɓa jin kunyar sana'ata irin ta ranar ba.

Ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, na yi ƙoƙari. Har na yunƙura zan tashi ta ce, "Kai ka saurare shi, lokacin da kake juyewa?"

"Na saurara, Hajiya."

"Mi ya ce da farko?"

Na yi tunani. Na ce, "Kamar cewa ya yi, wai furar nan sai gobe ne?"

"A'a. Cewa ya yi, 'Mutanen gidan ga, furar ta tahi aikin hajji ne?' Ni kuma na ce tana Jidda, jirgi take jira." Ta ci gaba, nasa da nata, har akuyar, har inda kaset ɗin ya ƙare, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Maganar duk na hardace ta, Malam Rabe," in ji ta. "Dariyar tashi ce ban iya yi."

Na ɗauki jakata na fito.